Kafin a Kwance Kafireto: Yadda Ake Gano Matsalar Tsohuwar Akori-kura a Illela

Ranar Lahadi kasuwar Illela ke ci, amma tun yammacin Asabar motoci ke kwararowa daga Gada da Tangaza da Gwadabawa, daga ƙauyukan bakin tafkin Kalmalo, da kuma daga Ƙonni da ke tsallaken iyaka, tafiyar 'yan mintuna. Manyan tireloli masu shan gas su ne ke kwasar shanu da wake da albasa su yi kudu da su, sai dai tirela ba ta shiga yashin ƙauye ta fito da buhu goma da tumaki shida. Wannan aikin ƙananan motoci ne, kuma har yau a cikinsu akwai tsofaffi masu shan fetur: akori-kura Peugeot 404 da 504, Toyota Hilux ta da, Datsun, da J5 wadda aka cire wa kujeru. Wasunsu sun girmi direbobinsu. Abin da ya haɗa su shi ne kafireto, ƙarfen nan da ke zaune a kan inji yana gauraya mai da iska.

Idan irin wannan mota ta fara rikici, direba ba ya rasa bakin bayani a gareji. "Maigida, motag ga tana misin." "Ba ta sulo, da na ɗaga ƙafa sai ta mutu." "In na taka totur sai ta yi tari kafin ta ɗauka." "Shan mai ya yi yawa, ga baƙin hayaƙi." Kuma kusan kullum yakan zo da hukuncinsa a baki: a kwance kafireto a wanke. Kanikawa da yawa sukan biye masa, don shi ke biya, kuma wankin kafireto aiki ne da ake gani da ido. A nan ake asarar kuɗi da yini guda. Sau da yawa kafireton lafiyarsa lau, laifin yana wajen wuta, ko man da aka zuba, ko iskar da ke shiga ta inda bai kamata ba. Wanda ya fara da juya sukurorin kafireto ya ɗora wa motar matsala ta biyu a kan ta farko, kuma ya share sawun da zai bi ya gano ta farkon.

Akwai dalilin da ya sa motocin nan suka daɗe a wannan yanki. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ta a Faransa. A Turai da Amurka dokokin hayaƙi sun kori kafireto daga sababbin motoci tun farkon shekarun 1990, aka koma injekta da kwamfuta, amma Toyota ta ci gaba da ƙera wasu motoci masu kafireto don Afirka da Gabas ta Tsakiya shekaru da dama bayan haka. Ga mai jigila tsakanin ƙauye da kasuwa kuwa, motar da za a iya tayarwa a gindin bedi da sukudireba da filaya da sifana biyu ta fi masa wadda sai an kai ta Sakkwato, sama da kilomita 80, an jona mata na'ura.

Aikin kafireto ba shi da wuyar fahimta. Idan fistin ya sauka, yakan zuƙo iska ta maƙogwaron kafireto. A tsakiyar maƙogwaron akwai wurin da aka matse. Iska in ta iso nan sai ta ƙara gudu, ƙarfin dannawarta ya ragu, sai ta tsotso fetur daga wani ƙaramin kwano ta wata 'yar ƙofa da ake kira jet. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon famfon fesa maganin sauro mai gwangwani a gaba ya riga ya ga yadda abin yake. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Venturi, ya yi rubutu kan wannan ɗabi'a ta abin da ke gudu a matsattsen bututu tun 1797. Inji yana son kimanin awo 15 na iska ga awo 1 na fetur, in da nauyi aka auna. In kuwa da girma ne, kowace lita ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000. Mai ya yi yawa, inji ya shaƙe ya yi baƙin hayaƙi. Mai ya yi kaɗan, ya yi tari, ya yi zafi, ya rasa ƙarfi.

Abin da gogaggen bakanike ke fara tunawa shi ne kafireto ɗaya ke ciyar da silinda huɗu na injin duka. Saboda haka in silinda ɗaya ce kaɗai ba ta aiki, da wuya a ce kafireto ne. Gwajin kuma kyauta ne. A bar inji ya yi zafi yana sulo, a sa filaya mai roba a hannu, a riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. In an zare ta silinda mai lafiya, inji zai ƙara rawa, sautinsa ya faɗi. In an zare wata ba abin da ya canja, an kama mai laifi. Daga nan sai a musanya fuloginta da na maƙwabciyarta, a sake gwadawa, sannan a musanya waya. In matsalar ta bi fulogi ko waya ta koma ɗaya silindar, magana ta ƙare da kuɗi kaɗan.

In kuwa ta tsaya a inda take, to abin yana cikin inji, kuma nan ne ma'aunin kwamfireshan ke da rana. Ana so silinda huɗun su ba da awo kusa da juna. Wadda ta faɗi ƙasa sosai, a zuba mata cokali ɗaya na man inji ta ramin fulogi a sake aunawa. In awon ya tashi, ring ne ya cinye. In bai tashi ba, bawul ne ke yoyo. Biyu da ke kusa da juna suka faɗi tare, a zargi gasket ɗin top silinda. Kafin a kai ga kwance inji ma, a duba setin tafet, domin bawul ɗin da tazararsa ta matse ba ya rufewa sosai in inji ya yi zafi, sai mota ta tashi lafiya da safe, ta fara rawa da hantsi. Motar da ke ɗaukar lodin da ya fi ƙarfinta a yashi, da ƙaramin giya, cikin zafin Afrilu, tana yawan ƙona bawul ta wannan hanya, kuma ko sau nawa aka wanke kafireto ba zai mayar da bawul ɗin da ya ƙone ba.

Fulogi kansa yana ba da labari in an jera huɗun a kan tsumma bisa tsarin da aka ciro su. Bakin da ya yi launin ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙi wuluk a bushe, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Baƙi mai maiƙo, man inji ne ke haurowa, kuma za a ga shuɗin hayaƙi a salansa. Abin lura shi ne ko huɗun sun yi kama da juna. In sun yi kama, a nemi abin da ke shafar su duka. In ɗaya ya fita daban, a tsaya a kansa.

Sai distiributa, inda akasarin misin ɗin tsofaffin motoci ke kwana. A cikinta akwai kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa sau dubbai a minti guda. Tazararsu a yawancin injunan nan kimanin milimita 0.4 ce, abin da direba a daji kan kwatanta da kaurin kwalin ashana in babu ma'auni. Akwai 'yar roba da ke gogar sandar distiributa tana buɗe su, kuma ƙura tana cin robar nan da sauri. Tana cinyewa tazara na matsewa, wuta na yin rauni, taimin kuma na ja baya da kansa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ɗigon giris a kan sandar yana ƙara mata kwana, amma mutane kaɗan ke tunawa da shi. Kwandansa in ta lalace takan sa bakin kwantak ya yi ramuka, mota ta riƙa harbi ta salansa. Kwail mai rauni kuwa sai ya yi zafi yake nuna halinsa. Murfin distiributa da wayoyin fulogi sukan tsage ta yadda ido ba ya gani da rana, amma in an buɗe bonet da dare a wuri mai duhu, za a ga tartsatsin wuta yana tsalle zuwa jikin inji. Da damina, raɓa ko ruwan kwata da ya fantsama cikin murfin ya isa ya sa mota misin, kuma busasshen tsumma ne maganinsa. In an taɓa cire wayoyin gaba ɗaya, a tabbata an mayar da su bisa tsarin 1-3-4-2, domin yaron gareji mai gaggawa yana iya sarƙe biyu.

Batun mai a Illela yana da nasa tarihin. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kuma Illela tana ciki tsundum. An buɗe iyakar Illela ranar 16 ga Disamba, 2020, tare da ta Seme da Maigatari da Mfum, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren. A tsawon waɗannan shekaru, man da motocin garin suka sha da yawansa ta jarka da galan ya biyo. 'Yan bumburutu sun toshe giɓin da ba wanda ya toshe, kuma ba adalci ba ne a ce dukansu algus suke yi. Amma man da aka juye daga durom zuwa jarka, daga jarka zuwa galan, daga galan zuwa mazurari a bakin titi cikin iska, kowane juyi yana ɗaukar ƙura da tsatsa da ɗan ruwa. Ko man gidan mai bai tsira ba: a Fabrairun 2022 NNPC ta amsa cewa an shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, irin wanda ke cin roba yana kuma janyo ruwa.

Janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ƙara wani abu. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Direba ya koma sayen lita biyar ko goma, tanki kullum yana kusa da ƙasa, famfo yana tsotsar dattin da ya kwanta shekara da shekaru. Sannan ga matsin da ake yi wa bakanike a kan ya rage wa mota shan mai. Wasu sukan ɗaure sukurun gaurayen mai har ya kusa rufewa, alhali sukurun nan aikinsa a sulo ne kawai, ba ya rage abin da mota ke sha a kan hanya, sai dai ya sa ta riƙa mutuwa a kowane shingen bincike. Wasu sukan sa ƙaramin jet ko su lanƙwasa fulot ɗin kwanon mai ƙasa. Wannan kam yana rage mai, amma injin da ke jan lodi da ƙarancin mai yana ƙuna daga ciki, kuma abin da aka tsimi a wata uku bai kai kuɗin bawul da gasket ba.

Gwada mai ba ya buƙatar komai sai farar kwalba. A cire tiyon da ke shiga kafireto, a sa bakinsa a kwalba, a cire wayar kwail don kada tartsatsi ya fito, a buga kik na 'yan daƙiƙu. Famfo mai lafiya zai riƙa tofo mai da ƙarfi. A ajiye kwalbar ta nutsu: ruwa zai kwanta a ƙasa da iyakarsa a fili, tsatsa ta taru ja-ja. A ɗiga kaɗan a farar takarda, tsantsar fetur zai bushe ya tafi, wanda aka gauraya da gas ko kananzir zai bar tabon maiƙo. In man yana fitowa da ƙyar, a fara da filta, wadda ita ce mafi arha a cikin kayan motar duka kuma ita aka fi mantawa da ita. A shinshina sandar auna man inji, in tana warin fetur, fatar famfo ta huje. Wata matsalar kuma daga murfin tanki take. Motar da murfinta ya ɓata aka ɗaure bakin da leda da roba, iska ba ta samun hanyar shiga ta maye gurbin man da aka sha, sai ta yi tafiyar kilomita goma ta shaƙe. In an kwance ledar aka ji tanki ya ja numfashi, shi ke nan.

Zafi ma yana da nasa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi ke wuce 40 a ƙasar Sakkwato, motar da ta daɗe a layin iyaka injinta na aiki ba iska, fetur yakan tafasa a cikin famfo da bututu ya zama tururi, famfo kuma ba ya iya tura tururi. Jiƙaƙƙen tsumman da direbobi ke ɗora wa famfo dabara ce mai tushe. Gyaran da zai ɗore shi ne a nisanta bututun mai daga manifol ɗin hayaƙi, a mayar da kaurin faifan da ke raba kafireto da zafin inji in an taɓa cire shi.

Yanzu a dawo kan lita 9,000 ɗin nan ta iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika ta da ƙura mai laushi, hanyoyin ƙauye kuma ba sa jiran hunturu. Filtar iska in ta toshe, inji yakan tsotsi mai fiye da kima, ga baƙin hayaƙi, ga rashin ƙarfi. Abin takaici, maganin da wasu ke yi shi ne su cire ta su jefar, ko su huda ta, mota ta wartsake na ɗan lokaci, su ɗauka sun yi dabara. Daga ranar yashi ke shiga kai tsaye yana cin ring da silinda, yana kuma cin sandar da ke juya faifan totur a gindin kafireto. In sandar ta cinye, a kama ta da yatsa za a ji tana girgiza, iska na shiga ta gefenta, kuma ba wani seti da zai sa sulo ya tsaya wuri ɗaya. Irin wannan ɓarauniyar iska tana shiga ta tsagaggen tiyon birki mai taimakon iska, ta ƙaramin tiyon da ke zuwa distiributa, da ta gasket ɗin gindin kafireto, musamman in an taɓa ɗaure notocinsa da ƙarfin tsiya har gindin ya karkace. Alamarta ita ce mota ta gyaru in an ɗan ja cok alhali inji da zafinsa. A matse tiyoyin ɗaya bayan ɗaya da filaya, ko a fesa ruwa a mahaɗar gasket, a saurari inda sautin inji zai canja. Wasu da fetur suke fesawa, kusa da distiributa mai tartsatsi da manifol mai zafi, kuma hakan ya ƙona motoci da hannaye.

Sai an wuce duk waɗannan ne kafireto ya cancanci a kwance shi, kuma a lokacin bakanike ya riga ya san abin da zai nema. Motar da ke gudu lafiya amma ba ta sulo, ƙaramin jet ne ya toshe, ko kuma a kafireton Aisan na Toyota 'yar na'urar lantarkin da ke buɗe masa hanya ta daina aiki, abin da ake ganewa in an murɗa makulli ba a ji ta yi ƙas ba. Wadda ke tari lokacin da aka taka totur, a leƙa maƙogwaro inji a kashe a ja totur da hannu, ya kamata a ga siririn mai ya feso, in babu to fatar ɗan famfon ciki ta mutu. Wadda ke sulo lafiya amma ta kasa a hawa da lodi, babban jet ne ko man kwano ya yi ƙasa. Wadda ke ambaliya, mai na tsiyaya ta gefe, ko dai datti ya hana allurar fulot rufewa, ko fulot ɗin ya huje, a girgiza shi kusa da kunne za a ji mai a ciki. Dabarar rufe bakin kafireto da tafin hannu a lokacin da inji ke gudu tana iya zuƙe ɗan datti a kai mutum gida, amma inji yana iya harbo wuta ta nan. Abin da ya fi ɓarna shi ne zura waya ko allura a ramin jet. An ƙera ramin ne daidai da awo, lambarsa a rubuce a jikinsa, kuma tagulla ce mai laushi. Sau biyu ko uku aka zura masa waya ya faɗaɗa, motar ta zama mai shan mai har abada, mai ita kuma ba zai taɓa sanin ranar da abin ya fara ba. Iska mai ƙarfi da fetur mai tsabta sun wadatar.

Seti shi ne na ƙarshe, bayan tafet da kwantak da taimin, inji da zafinsa, filtar iska a wurinta. A ɗaure sukurun gaurayen mai a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba don bakinsa siriri ne, a warware shi juyi ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan har a sami inda inji ya fi daɗin sauti, a daidaita gudun sulo da ɗaya sukurun zuwa kimanin juyi 800 a minti. In an juya sukurun ciki da waje inji bai ko kula ba, akwai abin da aka tsallake a baya, a koma a neme shi.

Kayan gyara suna ƙara wuya. Kwantak da kwandansa na ainihi sun yi ƙaranci, na kwaikwayo sun cika shaguna, har sabuwar kwandansa kan mutu a mako guda, shi ya sa direban da ya san ciwon kansa ba ya jefar da tsohuwar da ke aiki, yakan ajiye ta a akwatin mota tare da filtar mai da fulogi biyu. Kafireton Solex na Peugeot mai kyau sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, galibi kuma na hannu ne da aka ciro daga wata motar, don haka a duba girgizar sandar totur da lambar jet kafin a biya. Masu Toyota da yawa sun koma distiributa mai lantarki wadda ba ta da kwantak, kuma hakan yana kawar da kaso mai yawa na misin, sai dai in ta mutu a hanyar Gada ba a gyara ta da kwalin ashana, dole a taho da wata daga gari.